Mararaba da Kasoa: inda ma'aikatan babban birni ke kwana

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Mararaba, a gefen Abuja, in ya zo Kasoa ba zai yi baƙunta ba. A Kasoa nake yanzu, yamma da Accra, kuma rayuwar kusan iri ɗaya ce. Mutum ya tashi kafin kiran assalatu, ya yi sallah a gurguje don ya riga cunkoso. A nan trotro, wato ƙananan motocin bas na haya, ake rububi zuwa Kaneshie da Circle a cikin Accra, can kuma motoci ne ke jerin gwano tun daga Masaka, su ratsa Nyanya, su bi ta Kugbo zuwa mahaɗar AYA a cikin Abuja. Tsadar haya ce ta koro mutanen garuruwan biyu daga cikin birni, kuma dukansu a wajen iyakar babban birnin suke: Mararaba tana ƙaramar hukumar Karu a jihar Nasarawa, Kasoa kuma tana Yankin Tsakiya na Ghana.

Wannan iyakar ita ce matsalar a ganina. Tun da aka dawo da fadar gwamnati Abuja a Disamban 1991 jama'a ke kwarara. Rusau ɗin zamanin da Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birni, suka ƙara turo dubbai zuwa gefe. Daga baya rashin tsaro ya kawo nasa: ɗan ci-rani daga Zamfara ko Katsina wanda a da yake komawa gida da faɗuwar damina, yanzu ya ɗauko iyalinsa, domin gonar ba ta shiguwa. Waɗannan su ne masu gadi, direbobi, birkiloli da ƙananan ma'aikatan Abuja. Ƙarfinsu na rana a Wuse da Maitama yake ƙarewa, amma makarantar 'ya'yansu da asibiti da kwata da shara duk a wuyan Karu suke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa nake jin haushi idan wani ya kame a gidansa a Gwarinpa yana cewa baƙi sun cika gari, kowa ya koma garinsu. In ban da Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin, wa ya isa ya kira wani baƙo a Abuja?

Kada a ɗauka Kasoa aljanna ce. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku, ka fara gini 'yan daban filaye su zo da adduna su ce sai ka biya kuɗin haƙa tushe, duk da dokar 2019 ta haramta sana'ar tasu. Mai gida ya nemi hayar shekara biyu a dunƙule. An yi gadar sama a tsakiyar gari, an daina karɓar kuɗin hanya a 2021, amma ruwan sama ɗaya ya isa ya zubo yashi kan titin Accra kowa ya tsaya cik. A zango ma, yadda mai ruwa ke tura kurar jarkoki a lungunan Mararaba, haka muke jiran tankar ruwa.

Inda Ghana ta sha gaban Najeriya shi ne ta san yawan mutanenta. Ta yi ƙidaya a 2010, ta sake yi a 2021. A 2012 aka yanka wa Kasoa ƙaramar hukumarta, Awutu Senya ta Gabas, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun haura dubu 230, fiye da ninki biyu na ƙidayar 2010. Ƙidayar ce kuma ta nuna yankin Accra ya tsere wa na Ashanti a yawan jama'a. Alƙaluma ba sa gina aji ko ɗaya, na yarda, amma ɗan majalisar Kasoa yana da takardar da zai buga a tebur idan ana rabon kuɗi.

Shugaban ƙaramar hukumar Karu me zai buga? Rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce duk Babban Birnin Tarayya mutum miliyan 1.4 ne. Unguwanni da dama da ke bayan Masaka a yau gonakin doya ne a lokacin. Yawan jama'a na cikin ma'aunin da ake raba kuɗin tarayya da shi, ke nan da tsohon lissafi ake ba Karu kasonta, alhali jaririn da aka ƙirga a shekarar ya isa jefa ƙuri'a. An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, ana saura 'yan kwanaki gwamnatin Buhari ta ɗage ta, ta bar wa mai zuwa.