Ba kowace sabuwar manhaja ce za ka zazzage mata cikin gidanku ba

Wallahi tun jiya abin nan yake cina. Mun je gaisuwar mutuwa a Gwammaja bayan la'asar, ana zaune kan tabarma ana karɓar addu'a, sai ga wani yaro da bai wuce shekara 20 ba ya ɗaga waya yana zagaye mutane da ita, har ya leƙa zaure inda mata suke kuka. Na jawo shi gefe na ce kai lafiya? Wai wata sabuwar manhaja ce abokinsa ya tura masa, yana gwada layif ɗinta ne ya ga ko mutane za su shigo. Gwaji fa! Da gawar kawunsa da ko awa uku ba a yi da binnewa ba.

Ƙannena, ni ban ce kada ku gwada sabon abu ba, mu ma mun yi 2go mun yi BBM har muna rabon pin kamar goro, yau ina suke? BBM ta rufe a 2019, Google+ ma a shekarar ta tafi. Da gwamnati ta dakatar da Twitter a watan Yuni na 2021 wasu suka ruga Koo ta Indiya, ita ma ta rufe a 2024. Amma hoton ƙanwarka da ka saka can, wanda wani ya riga ya sauke a wayarsa, shi bai rufe ba, yana nan. Magana zarar bunu ce.

Abin da ke ƙona min rai shi ne gaggawar. An ce maka ga sabuwa, ko sunanta ba ka iya faɗa ba ka sauke, ta ce ka ba ta izinin lambobin wayarka ka danna, kyamara ka danna, hotuna ka danna, inda kake ka danna, to lambar Hajiyarka da ta surukarka da ta malamin Islamiyyarku duk ka miƙa ba ka tambayi kowa ba. Ba a haka manhajojin bashi suke tura wa dangin mutum saƙo suna kiransa ɓarawo ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sannan abu na farko da za ka ɗora don gwaji sai ya zama amaryar yayanka ranar kamu, ko jaririn da ko suna ba a yi ba, ko tsoho kwance a gadon asibiti da ledar ruwa a hannu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kada ma a zo maganar masu taf-taf ɗin Hamster a 2024, wasan nan na waya da ake ta dannawa wai don a samu kuɗi, magidanci da gemunsa yana dangwalar allo a bakin masallaci ana tayar da iƙama. Ko masu zuwa kasuwar waya ta Farm Centre su bar waya wajen mai gyara da komai a buɗe.

Ku dinga tsayawa kuna tunani dai, ku tambayi mai hoto kafin ku saka. Da a garin nan, namiji baligi ba ya wuce zauren gidan da ba nasu ba sai ya yi sallama an ba shi izini, mace in ta yi ciki ko ƙawarta sai ta gani da ido, kunya ba ta barin ta faɗa. Yanzu ɗan gida ne da kansa yake shigo da mutanen da bai taɓa gani ba har tsakar gida. Yaron nan na jiya da na ce ya goge, kallona ya yi ya ce Yaya ai mutum 14 ne kawai suka kalla.