Fainal ɗin kofin mata na Ingila da abin da yake tuna min game da kulob-kulob ɗinmu na gida

Kofin League Cup na mata shi ne ƙaramin kofi a Ingila, a bayan lig yake, a bayan FA Cup yake, wasu magoya baya ma cewa suke kofin rage zafi ne. Amma zo ka ga yadda ake tada jijiyar wuya a kansa duk lokacin da Arsenal da Chelsea suka haɗu a fainal, sai ka rantse da Allah kofin duniya ake nema. Ni da nake zaune a nan Ingila ina kallon abin shekara bayan shekara, ba ƙwallon ce take ɗaure min kai ba, don wallahi ban yarda yaransu sun fi namu na Najeriya ƙafa ba. Abin da yake tsaya min a rai shi ne yadda ko wannan ɗan ƙaramin kofi yana da ranarsa, yana da filinsa, yana da masu zuba masa kuɗi, yana da masu sayen tikiti tun ana saura makonni.

Ku ɗauki fainal ɗin 2024 da aka buga a filin Molineux na Wolverhampton ranar 31 ga Maris. Mutum 21,462 suka shiga kallo, BBC ta haska kai tsaye. An cinye minti 90 ba wanda ya leƙa ragar wani, an soke ƙwallon da Mayra Ramirez ta ci wa Chelsea bayan an duba VAR, wato na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, ga kuma Frida Maanum ta Arsenal da ta yanke jiki ta faɗi ana dab da tashi, babu wanda ya taɓa ta, fili ya yi tsit likitoci suka dirar mata nan take har aka fita da ita, Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Sai a minti na 116 Stina Blackstenius ta zura ɗaya, shi ke nan Arsenal ta ɗaga kofin karo na 7. Ana tashi Emma Hayes kocin Chelsea ta hankaɗe Jonas Eidevall kocin Arsenal a gaban kamara, wai ya yi wa 'yar wasanta Erin Cuthbert hayaniya a bakin layi, shi kuma ya ce ai Chelsea ce tun kafin wasa ta nace a buga da ƙwallo ɗaya tak, sai da suka ga ana cinsu lokaci yana ƙurewa sannan suke neman a miƙo musu wata su yi jifa da sauri. Kwana da kwanaki jaridu da rediyo suna ta tauna wannan magana.

To ni wannan rigimar ce ma ta fi burge ni, ku yi haƙuri. Mutane ba sa faɗa a kan abin da ba su ɗauka da muhimmanci ba. Ranar da na ji 'yan gidan kallo a Kano ko Kaduna suna musu har da rantse-rantse a kan canjin da kocin Nasarawa Amazons ya yi a wasansu da Rivers Angels, ranar zan san ƙwallon mata ta zauna a gida.

Kuma kada wani ya ce ai Turawa ne, dama can haka suke. Ina! Hukumar ƙwallon Ingila da kanta ta hana mata buga wasa a filayen kulob-kulob ɗinta a 1921, bayan matan ƙungiyar ƙwallo ta Dick, Kerr sun tara mutum kusan 53,000 a Goodison Park a Disambar 1920, kuma ba a ɗage hanin ba sai wajen 1971, shekara 50 cur. Shi kansa wannan kofi a 2011 aka ƙirƙiro shi tare da sabon lig ɗinsu, lig ɗin kuma bai zama na ƙwararru zalla ba sai 2018. A lokacin da Super Falcons suke ta share kofin Afirka tun shekarun 1990, 'yan wasan Ingila da yawa aikin ofis ko koyarwa suke da rana su je atisaye da daddare. Jiya-jiyan nan suka wuce mu, kuma da tsari suka wuce mu, bankin Barclays ya shigo ɗaukar nauyin lig ɗin a 2019, Sky da BBC suka sayi haƙƙin haskawa a 2021, matan Ingila suka ci kofin Turai a 2022 a gaban mutum 87,192 a Wembley, sai kulob-kulob suka yi wuf suka juya wannan farin jinin zuwa tikitin mako-mako, har Arsenal ta tara 60,160 a Emirates a wasan lig da Manchester United a Fabrairun 2024.

Mu fa? Mu ma mun samu irin wannan rana, ba sau ɗaya ba ma. A Yulin 2025 Falcons suka je har Rabat, Maroko ta zura musu 2 kafin hutun rabin lokaci, suka dawo suka ci 3-2, kofin Afirka na 10 ke nan. Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 ga kowace 'yar wasa da gida da lambar girma. Ba na baƙin ciki da ko sisi, sun cancanta, musamman idan ka tuna a 2016 sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja kafin a biya su alawus ɗin kofin da suka ciyo a Kamaru, aka maimaita irin haka a Faransa a 2019. Amma kyauta daban, albashi daban. Kyauta tana zuwa ne sau ɗaya idan mai mulki ya ga dama, kuma tana tsayawa a kan mutum ashirin da 'yan kai waɗanda yawancinsu ma a waje suke taka leda. Yarinyar da take bugawa Adamawa Queens ko Confluence Queens, wadda za ta kwana a mota kafin ta isa filin wasa, me ya canza mata?

Matsalar a ganina ita ce galibin manyan kulob ɗinmu na mata na gwamnatocin jihohi ne, Rivers Angels, Bayelsa Queens, Edo Queens, Delta Queens, Amazons, duk rayuwarsu tana hannun gwamna da kwamishinan wasanni. In gwamna mai son ƙwallo ne a ga haske, in an canza gwamnati a koma 'yar gidan jiya. Kulob ɗin da bai dogara da mai sayen tikiti ba ba shi da dalilin da zai wahalar da kansa wajen jawo 'yan kallo, shi ya sa za a buga babban wasa mutanen garin ma ba su sani ba. Duk da haka Bayelsa Queens ta zo ta 3 a gasar zakarun Afirka ta mata a 2022, Edo Queens ta kai kusa da na ƙarshe a 2024. Asisat Oshoala daga FC Robo da Rivers Angels ta fito kafin ta zo Liverpool da Arsenal, Chiamaka Nnadozie da Brighton ta ɗauko a 2025 ita ma Rivers Angels ce ta rene ta. Kuma duk wanda ya kalli wasanmu da Ingila a gasar duniya ta 2023, wanda Lauren James ta Chelsea ta sha jan kati don ta taka Michelle Alozie, ya san da ƙyar suka sha a bugun fenariti.

Ba wai nan ɗin aljanna ba ce fa. Daga 2011 zuwa 2025 kulob 3 kacal suka taɓa cin wannan kofi, Arsenal da Manchester City da Chelsea, sauran raka su kawai suke yi, kuma ƙananan kulob a nan ma kuka suke da rashin kuɗi. Fainal ɗin 2025 da Chelsea ta ci City 2-1 a Pride Park na Derby, filin ya yi faci-faci har 'yan wasa da koci suka fito suna cewa da fainal ɗin maza ne ba za a kai shi irin wannan fili ba. Gaskiyarsu ne, amma ni dariya ta kama ni, na ce ku zo ku ga inda namu suke bugawa.

Sai batun Arewa, wanda shi ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Mu ne muka fi kowa cika gidan kallo, akwai wanda zai lissafa maka 'yan wasan Chelsea na maza har na benci bai taɓa jin sunan Cuthbert ba, wannan ba laifi ba ne. Na san akwai iyaye da yawa da ba za su bar 'yarsu ta buga ƙwallo ba saboda addini da tarbiyya, kuma ba ni da bakin gaya wa kowa yadda zai tafiyar da gidansa. Amma akwai waɗanda suke bugawa ɗin, da yardar iyayensu, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da lulluɓinta a kai. Su waɗannan ai sun cancanci a biya su a kan kari a kuma san da zamansu.

Abin da zan so a fara da shi ba ya buƙatar biliyoyi. Fainal ɗin Federation Cup na mata, wato FA Cup ɗinmu na gida, kamar na 2025 da Rivers Angels ta ci Amazons a fenariti a Legas, ana haɗa shi ne rana ɗaya da na maza, mata su fara bugawa mutane suna kan hanya tukuna. A raba shi, a ba shi ranarsa shi kaɗai, a sanar tun farkon kaka kada a ɗaga, a kai shi gari irin Lafiya ko Benin ko Yenagoa inda ake da kulob ɗin mata da mutane suka sani, a sa tikiti ko da kuɗin kaɗan ne, a samu gidan talabijin ɗaya ya haska. Fainal ɗin Ingila na 2020 da Chelsea ta ci Arsenal 2-1 a Nottingham mutanen da suka shiga ba su kai 7,000 ba, bayan shekara 4 suka haura 21,000.