Nasiha ga masu jagorantar wasan labari a kan teburi

'Yan'uwana matasa da kuka fara jagorantar Dungeons & Dragons (wasan da kowa ke riƙe jarumi ɗaya a cikin labari, jagora yana tafiyar da sauran duniyar) da ire-irensa, ina da magana da ku, musamman masu himma a cikinku. Sai ka ga mutum ya kwashe watanni yana zana taswira, yana jera sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙen shekara dubu. Ranar wasa ta zo, abokai sun zauna, shi kuwa ya buɗe littafi yana ta karanto musu tarihi. Kafin a jefa ɗan lido na farko, rabinsu sun koma kan waya. Wallahi abin yana ba ni tausayi, don wahala ce aka sha da kyakkyawar niyya.

Ku dubi yadda waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka faro. Dave Arneson ya fara duniyar wasansa, Blackmoor, a farkon shekarun 1970 da fada guda, da ɗan gari, da ramukan da ke ƙarƙashinta. Gary Gygax, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, hawa ɗaya na ramuka ya zana a ƙarƙashin fadar Greyhawk ta duniyar wasansa, ya zaunar da 'ya'yansa biyu suka gwada. Sai da 'yan wasa suka nutsa ya riƙa ƙara wasu. Wasan ya fito a 1974, amma ba a buga taswirar duniyar Greyhawk ba sai a 1980.

To kai ma fara da ƙauye ɗaya, da kasuwarsa, da mutum uku ko huɗu waɗanda kowannensu akwai abin da yake nema ido rufe. Wannan ya ishe ka zaman farko.

Inda aka fi tafka kuskure kuwa shi ne a ɗauka jagora mai tatsuniya ne. Mai tatsuniya ya san ƙarshen Gizo tun kafin ya ce ga ta nan ga ta nanku, saura nasu saurare. A wannan wasan ba ka da ikon sanin ƙarshe. A ce ka shirya gumurzu da 'yan fashi a bayan gari, sai wata cikin 'yan wasa ta ce, "Ni dai mai gadin ƙofar nan zan tsaya in yi hira da shi." Kada ka ce ba ya magana. Raɗa masa suna nan take, ka ɗora masa bashin da ya hana shi barci, ka sa ya riƙa kallon zoben hannunta. Wataƙila ma shi ke buɗe wa 'yan fashin ƙofa da dare. Labarin da ya fito ta nan ya fi wanda ka rubuta daɗi, saboda da hannunta a ciki.

Haka kuma idan ɗan lido mai fuska 20 ya ba da 2, wato sakamako mara kyau, a bar shi a 2. Ranar da suka gane kana sauya sakamako a bayan allon da ke ɓoye takardun jagora, sun daina fargaba, kuma wasan ya yi lami.

Kafin a fara, ku keɓe zama guda ku yi yarjejeniya: me kowa ke so, me ba za a kawo teburi ba, ƙarfe nawa za a tashi don kada a shiga lokacin salla ko karatu. Kada kuɗi su shigo ciki ko kaɗan. Sannan ka sa ido kan mai shirun nan da masu surutu ke dannewa. Juya ka kira sunan jaruminsa, ka tambaye shi, "Kai fa, me za ka yi?" Ka kuma jira har sai ya amsa.