Ga Marubutanmu Masu Labaran Kishiya

'Yan uwana marubuta, musamman ƙannena mata masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ina da magana da ku. Ban ce ku daina rubutu a kan gidan mace biyu ko uku ba. Mu nan Katsina da Daura, wanda bai tashi a irin wannan gida ba, to yana da goggo ko yaya a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne salon da ake yayi yanzu, na labari mai wasa da hankalin mai karatu: amarya ta tare, ta fara jin sawu cikin dare, kayanta na sauya wuri, ga wani ɗaki a kulle da ba a yarda kowa ya leƙa ba, uwargida kuma sai fara'a take har ta wuce kima. Yana da daɗi, yana hana barci. Amma da zargi ake gina shi, shi kuwa zargi ba ya zama cikin waya bayan an ajiye ta.

Ku dubi masu karanta ku. 'Yan sakandare ne, da ɗaliban jami'a, da amaren da ko lallen biki bai goge a ƙafarsu ba. Yarinya ta karanta littafi bayan littafi, kowanne kishiya ce ke barbaɗa guba a kunu ko binne laya a bakin ƙofa. Ranar da aka kai ta gida mai uwargida, ta riga ta yanke hukunci tun kafin su gaisa. Abokiyar zama ta aiko mata da tuwo ranar girkinta, ta juye a bola. Ɗanta ya kwana da zazzaɓi, maimakon a je a auna jini a ga ko cizon sauro ne, sai ta ce an sa masa hannu. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta umarce mu da nisantar da yawa daga zato, ta kuma hana bin diddigin juna. Mu kuma muna koyar da duka biyun, har da karɓar kuɗin karatu.

Kishi kansa ba sharri ba ne, kuma a nan ne yawancinmu muke kuskuren fahimta. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa, wata ta aiko da akushin abinci, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Ya tattara gutsattsarin da abincin yana cewa mutanen da ke wurin uwarsu ce ta yi kishi, sannan ya mayar da lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa. Uwar Muminai ce fa. To me ya hana ku rubuta irin wannan mace, mai sallah, mai kirki, wadda ke jin zuciyarta na tafasa idan ta ji dariyar mijinta daga ɗakin da ba nata ba, tana istigfari tana kuka? Wallahi faɗan da take da kanta ya fi duk wata mayya da kuke ƙirƙira kama zuciya, don mai karatu za ta gane kanta a ciki.

Sai kuma Alhaji. A labaranku kamar kututture yake, mata na kashe juna yana ofis ko yana Abuja, a shafin ƙarshe ya dawo ya ce bai san komai ba. Alhali mafi yawan wutar daga hannunsa take tashi: satar kwana, fifiko a cefane, kai maganar wannan ɗaki zuwa wancan, ɓoye neman aure har sai ta ji a bakin maƙwabta. Aya ta 3 a Suratun Nisa'i da sharaɗin adalci ta zo, ta 129 kuma ta hana a karkata gaba ɗaya a bar mace kamar ratayayyiya. Ga hadisin mai mata biyu da ya karkata ga ɗaya, wanda zai tashi ranar ƙiyama ɓarin jikinsa a karkace. Maza marubuta, wannan ɓangaren naku ne, kun fi kowa sanin dabarun.

Boka kuma ku rage masa daraja. Idan duk sammun da aka yi a labari yana ci, talla kuka yi masa, ko da kun kashe shi a ƙarshe. Haka macen da ta daina barci bayan haihuwa, tana zargin kowa, tana jin ana kiran sunanta: ba kullum ne asiri ba. Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da likita ke magani, ku bar wani a labarin ya faɗi haka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda wasunku ke samo labarin. Ƙawa ta kawo kukanta, ko an ji manya na sulhu a tsakar gida, mako na zagayowa ya zama shafi na ɗaya. Kin sauya suna, amma kin bar unguwa, kin bar sana'ar mijin da yawan 'ya'yan. Katsina gari ne na dangi. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Rafin Daɗi, a zaman biki ɗaya za a gano gidan, kuma kishiyar da kika mayar muguwa tana da 'ya'ya mata da ake neman aurensu. Idan labarin wata ne, ki je ki nemi izininta ido da ido. In ta ce a'a, ki goge, ko da masu karatu sun riga sun biya.