Kwana uku a bakin Nilu tare da Kawu

Shekarata 11 a Alkahira, amma ban taɓa kwana a bakin kogin Nilu ba sai watan jiya. Karatu ne ya kawo ni Azhar, da na gama kuma na zauna. Yanzu aikina tafinta ne, ina raka marasa lafiyarmu da ke zuwa daga gida, in faɗa wa likita abin da ke damunsu, in mayar musu da abin da likita ya ce. Gidan da nake haya yana Hayyul Ashir, can cikin Madinatu Nasr, inda tagarka ke kallon tagar maƙwabci. In na ga Nilu, to a mota nake, ana tsallake gada.

Kawuna aka kawo, ƙanin mahaifiyata, aka yi masa aikin gwiwa. Da aka sallame shi likita ya ce ya ƙara kwanaki kafin ya hau jirgi. Sai babban ɗansa ya bugo waya ya ce a kama masa ɗaki a ɗaya daga cikin manyan otal ɗin da ke jere a gaɓar kogi, ni kuma in zauna da shi.

A wajen karɓar baƙi matar ta tambaye ni, ɗaki mai kallon Nilu muke so ko mai kallon gari? Na nemi ta bambance mini. Gado iri ɗaya ne, banɗaki iri ɗaya, faɗi ɗaya, inda taga ta fuskanta ne kawai ya raba su. Amma tsakanin kuɗin biyun akwai tazara mai tsoka, tun kafin a ɗora kashi 14 cikin 100 na haraji da kashi 12 na hidima. Na juya na yi wa Kawu bayani. Mutumin Wudil ne, a bakin kogi ya tashi, mahaifinsu fadama gare shi. Ya yi shiru yana kallona daga kan keken marasa lafiya.

"Ɗan nan, ruwan za su kawo mana ɗakin?"

"A'a Kawu, kallonsa kawai za mu yi."

"Ikon Allah. To a ba mu mai kallon ruwan, mu ga abin da suke sayarwa."

A hawa na 14 aka sauke mu. Ba zan ɓoye ba, abin ya kama ni. Da asuba bayan mun idar da salla na janye labule, hazo na kwance a kan ruwa, ga wani ƙaramin kwale-kwale a tsakiya. Mace ce ke tuƙi, mijin na tsaye yana dukan ruwa da sanda don ya kora kifi cikin koma, ga yaro a ƙudundune cikin bargo a ƙarshen jirgin. Kawu ya ce in tura shi baranda. Ya daɗe yana kallonsu, can ya ce haka masuntan garinsu suke yi, sai dai su ba sa fita da mace. Da yamma kuma kogin ya zama wani abu daban: jiragen faluka da iska ke turawa suna ta kai da kawowa, hasumiyar Alkahira mai tsawon mita 187 ta kunna fitilu a tsibirin Zamalik, ƙananan jiragen haya cike da iyalai suna wucewa da kiɗa. Mutumin da tun da aka yi masa aiki ba ya rabuwa da rediyo, kwana uku bai ce in miƙo masa ita ba. Carbi ne a hannunsa, idonsa na kan ruwa.

Hidimar ma ba ta da makusa. Saurayin da ke gyara mana ɗaki ɗan kudancin Masar ne, ba ya kiran Kawu sai da "ya Hajji". Ba wanda ya roƙe shi, shi ya lura tsohon ba ya iya tsayuwa, ya kawo kujerar roba ya ajiye a wajen wanka. Ya ce mini da albashin nan yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu. Don haka ba na cikin masu cewa irin waɗannan wurare almubazzaranci ne zalla. Bayan kowace taga mai tsada akwai mai wanki, da mai girki, da direba, da mai kawo kayan miya. Kogin ne ke ciyar da su ba tare da sun jefa ƙugiya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen nan sun juya wa ruwansu fuska, mu kuma mun juya wa namu baya.

Su dai ba su da zaɓi. Ƙasar hamada ce, fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da suke amfani da shi daga Nilu yake, kuma kusan duk jama'ar a gefensa suke zaune. Kason da suke riƙe da shi tun yarjejeniyar 1959 da Sudan, kubik mita biliyan 55.5 a shekara, magana ce da ba ta barin jaridunsu. Da aka gama madatsar Aswan a 1970 ambaliyar shekara-shekara ta tsaya, shi ya sa yau ake iya kafa bene mai hawa ashirin dab da ruwa a kwana lafiya. Har karin magana gare su, cewa wanda ya sha ruwan Nilu sai ya dawo.

Ni a cikin birnin Kano na tashi, kuma ruwan da na sani shi ne Jakara. Ban taɓa ganin wanda ya gina gida ya fuskantar da zaurensa gare ta ba. Bayan gida ake ba ta, kwata ta zuba a ciki, bola ta biyo baya, leda ta toshe. Da aka tashi gyara ta, dabarar da aka ga ta fi ita ce a rufe ta a shimfiɗa titi a kai, aikin da ake kira Wuju-wuju. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan damina, an cike su ɗaya bayan ɗaya an yanka filaye, sannan duk Agusta a ce ruwa ya ci gidaje. Kogin Challawa kuwa masana'antun jima sun daɗe suna sako masa dagwalo. In ka ji sunan ruwanmu a labarai, to yawanci rai ya ci. Watan Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da yara 'yan Islamiyya da za su Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle ya shanye Maiduguri. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kuma ba a ce ba a taɓa yin mai hangen abin ba. Marigayi Audu Bako, da ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, bai tsaya ga gina madatsun ruwa don noman rani ba. A zamaninsa aka yi dam ɗin Tiga, wanda har gobe ruwansa ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, aka kuma yi otal a bakin tafkin Bagauda. Iyayenmu suna ba da labarin yadda ake kwasar iyali a tafi can ranar hutu. Yau harabar Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce. Karatu ba abin rainawa ba ne, amma wurin da aka yi don jama'a su sha iska ya tashi daga wannan aikin, kuma ba a yi wani a madadinsa ba. Argungu tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, UNESCO ma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, amma kwana nawa ne a shekara bakin ruwan ke ganin baƙo? A cikin garuruwan da Hausa ke yawa, Yamai ce na ga ta ɗan kamo hanya, don otal ɗin Gaweye na nan gefen gadar Kennedy yana kallon kogi, kuma mutanen garin sun san daɗin faɗuwar rana a kan ruwa.

Na san dalilanmu, kuma ba duka ne na banza ba. Yawancin kogunanmu na damina ne, da rani yashi ne. Bakin ruwa wajen sauro ne da tsargiya. Tun muna yara ake tsoratar da mu da mutanen ruwa don kar mu je mu nutse. Sannan kalmar otal kanta ba ta da kyakkyawan suna a wajenmu, dattijo ba ya son a ce an gan shi yana fitowa daga ciki. Amma Tiga ba ta ƙafewa, kogin Kaduna na ratsa tsakiyar gari, Yawuri na kwance a bakin Kwara. Sauro kuma ruwan da aka bari ya kwanta cikin datti ne ke tara shi.

Da a daren farko na rubuta wannan, da abin da zan ce shi ne a zo a gina mana irin wannan otal a Tiga, shi ke nan. Dare na biyu ne ya sauya mini tunani.

Bayan Kawu ya yi barci na sauko na taka zuwa gadar Kasrun Nil, mai zakuna huɗu na tagulla, wadda aka buɗe a 1933. Wajen sha ɗaya na dare ne amma gadar cike take. Ga magidanci da matarsa da yara uku sun jingina da ƙarfen gada, kowa da gasasshiyar masara a hannu. Ga mai shayi, ga mai tura kurar hummus sham, wani romon wake mai yaji da lemon tsami da ake sha a kofi. Ga ango da amarya ana ɗaukar su hoto. Iskar da ke kaɗa labulenmu a hawa na 14 ita ce ke kaɗa mayafin matar nan, kuma ita ko fam ɗaya ba ta biya ba. Na tsaya na tambayi kaina, a birnin da ya haura mutum miliyan 20, me ya sa iyali za su zo shan iska a kan gada, motoci na wucewa ta bayansu da hayaƙi? Amsar na gefen kogin. Ka bi gaɓar da ƙafa ka gani: nan otal, nan kulob ɗin alƙalai, nan na 'yan sanda, nan na injiniyoyi, nan gidan abinci a kan jirgi, kowanne da katanga da mai gadi. Talaka ya hau gada ne don ƙasa an rufe. A 2022 hukuma ta kwashe gidajen kan ruwa wajen 30 a unguwar Kit Kat, wasu masu su sun tsufa a ciki. An kuma yi sabuwar hanyar tafiya a ƙafa a bakin kogi mai suna Mamsha Ahl Misr, wato hanyar mutanen Masar, tana da kyau ƙwarai, amma sashen da ke dab da ruwa sai ka yanki tikiti.

Wannan ne nake ji mana tsoro. Mun san halinmu da fili. Ranar da masu kuɗinmu suka gane cewa kallon ruwa na kawo kuɗi, kafin shekara ta zagayo an yanka bakin Tiga fuloti-fuloti, an zagaye da katanga da waya. Masuncin da kakansa ke ɗaure jirgi a wurin za a ce ya matsa, Bafulatani ya rasa mashaya, matan da ke wanki su nemi wani wuri. Gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa. Ni ina son otal a bakin ruwanmu, ina son yaranmu su samu irin aikin da saurayin nan ya samu. Amma a fara da abin da ba ya buƙatar biliyoyi. A daina zuba kwata da dagwalon masana'anta a kogi. A sa doka cewa tsakanin ruwa da kowane gini akwai hanyar da ta zama ta kowa, ba mai katange ta ko wane ne shi. A dasa itatuwa, a yi dakali, a sa fitila, a keɓe wajen salla da banɗaki mai tsabta don mata su iya zuwa da yara hankali kwance. A tilasta wa masu jirgi rigar kariya da ƙayyade yawan fasinja, Sarkin Ruwa ya zama yana da ta cewa a ciki. In an yi wannan, mai otal da kansa zai zo neman fili, sai a nuna masa bayan hanyar jama'a ya gina.

Na faɗa wa Kawu haka da safe muna karyawa a baranda. Ya ce, "Ɗan nan, mu da muka tashi a bakin kogi, ban tuna ranar da na je na zauna don kallonsa kawai ba. Kullum da aiki ake zuwa."

Ya koma gida lafiya, ƙafa kuma na ta sauƙi, alhamdu lillahi. Makon jiya ya kira ni. Ya ce ya sa jikansa ya ɗauki kujera a mota sun tafi bakin kogi bayan la'asar, amma ba su samu inda za su ajiye ta ba. Tifofin yashi sun cinye gaɓar, inda ya rage kuma juji ne. A cikin mota ya zauna ya sauke gilashi har aka kira magariba. Ya ce ya yi magana da mai unguwa da wasu dattawa biyu, akwai wani gefe sama da gada da suke ganin za a iya sharewa a yi dakali, a dasa darbejiya kafin ruwa ya sauka. Na ce masa in an tashi aikin a sanar da ni, buhun siminti biyar na wuyana.