Bandir uku da wando ɗaya

Ranar Talatar nan da aka kwana ana ruwa, maigida ya aike ni sito in ɗauko bandir uku na shadda. Duk wanda ya san Kantin Kwari a watan Agusta ya san layinmu: rabi siminti, rabi caɓi, ga kwatar nan da aka ɗora wa katako tun bara.

Na taho da kaya a ka, silifas ɗina dama ya suɗe. Ina taka bakin katakon sai ɗaya bakin ya ɗaga. Ƙafar hagu ta yi gaba abinta, ko sallama babu. Wallahi sai da na ga sama, na ga rumfa, sannan na ji ni tim! a zaune cikin kwata, baƙin ruwa har ƙugu. Wando ya ce ƙiii, tun daga gaba har baya. Shaddar kuwa ban sake ta ba, na ɗaga ta sama da hannu biyu, ina zaune ina rarraba ido.

Aka taru ana "sannu, sannu". Wasu mata da suka zo haɗa lefe suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Maigida ya leƙo ya ce, "Kai, kayan dai ba su jiƙe ba ko?"

Na ce, "Lafiyarsu ƙalau, Alhaji."

Duk wannan bai ƙona min rai ba kamar mai gasa masarar nan. Damina huɗu ina cinikinsa. Mutumin nan ya yi dariya har mafici ya faɗi cikin garwashi, sannan ya tashi yana gwada wa waɗanda ba su gani ba, har da ɗaga ƙafa. Wai, "Ai kai ne na uku yau, tun safe nake lissafi." To, bawan Allah, me ya hana ka magana? Ga shi ina bin sa naira 500 tun azumi, ban taɓa tambaya ba.

Da dare idon sawu ya kumbura suntum. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya ja, na kira sunan kakata. Yaya ya dage sai na je Asibitin Ƙashi na Dala an ɗauki hoto, na ce sai Alhaji ya ba da kuɗin mota.

Katakon yana nan. Silifas ƙafa ɗaya dai har yau ba a gan shi ba.