Maraɗi ta yi gabas, iyakarta na nan inda aka bar ta

Duk wanda ya buɗe taswirar Maraɗi a wayarsa zai ga abin da mai tafiya a ƙasa ba ya lura da shi: zuciyar garin ba a tsakiya take ba. Fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da tsofaffin unguwanni, su Bagalam, Ƴandaka, Mokoyo, Limanci da Ɗan Gulbi, duk sun jingina da yamma, kusa da gangaren fadama. Sauran gari kuwa ya miƙe gabas da arewa da kudu, har filin jirgin sama da aka gina can bayan gari yau gidaje sun matso masa.

Gulbi ne ya jawo haka. Tsohuwar Maraɗi, wadda Katsinawan da jihadi ya raba da birninsu suka zauna a farkon ƙarni na 19, a cikin kwari take. Ambaliyar 1945 ce ta cinye ta, Turawan Faransa suka hau da mutane bisa tudu, suka shata tituna miƙaƙƙu. Tun daga ranar yamma ta rufe, don ba mai hankalin da zai koma ya yi gini inda ruwa ya kori kakansa. Gari ya bi inda ƙasa ta ba shi hanya.

Wasu na ganin wannan aibi ne da sai an gyara, har a kan ji masu cewa a kwashe manyan ma'aikatu da kasuwa a kai su inda jama'a suka fi yawa yanzu. Ban yarda ba. Manyan biranen duniya da yawa haka suke, kuma ba su mutu ba. Cibiyar Shikago a Amurka tana bakin tabkin Mishigan, gabas da ita ruwa ne zalla. Ta Dakar tana can ƙarshen tsinin ƙasar da ya kutsa cikin teku. Legas ta faro daga tsibiri, ta bazu arewa har ta shiga jihar Ogun. Ko Yamai ɗinmu, sai da aka buɗe gadar Kennedy a 1970 kafin Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi, ta fara zama gari sosai. Kasuwa tana zama inda ƙafa ta saba, kuma takardar hukuma ba ta cika tayar da ita ba. Sanagal ta zuba kuɗi masu yawa a sabon birnin Jamniyajo don ta rage wa Dakar nauyi, amma har gobe da safe motoci cikin Dakar suke tururuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne iyakar birni. A nan ma labarin wasu biranen yana da amfani, ko da yake ba don mu kwaikwaye su ba. Birnin Los Anjalas yana da wani siririn zirin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 25, faɗinsa bai kai kilomita guda ba, wanda ya haɗiye a 1906. Dalili ɗaya ne: yana son ya taɓa teku, don doka ba ta barin birni ya haɗe da garin da ba su yi iyaka ba. Shekara uku bayan nan ya haɗe da San Fedro, ya samu tashar jiragen ruwa. A 1915 kuma ya haɗiye kwarin San Farnando saboda ruwan sha da ya jawo daga nesa. Shikago ma da ɗan ziri ta riƙe filin jirgin sama na O'Hare. Taswirar ba ta da kyan gani, amma kowace karkata akwai wanda ya zauna ya yi lissafinta: ruwa, tasha, haraji.

Mu namu akasin haka ne. Gari ne ke tafiya, iyaka na zaune. Maraɗi birni ne mai gundumomi uku, ƙidayar 2012 ta ba shi mutum dubu 267 da ƴan kai, kuma kowa ya san yau an wuce nan nesa. Ta arewa ga ƙasar Tibiri, wadda ke ƙarƙashin Gidan Runji. Ta kudu ga Jiratawa, wadda ke ƙarƙashin Madarunfa. Mutum ya sayi fili a gefen gari, sana'arsa a babbar kasuwa, ƴaƴansa na lakkwal a cikin birni, kabu-kabun da ke ɗaukarsa ɗan birni ne, amma takardar filinsa wata komin (ƙaramar hukuma) ce ta buga mata hatimi. Ranar da ruwan sama ya yanke masa hanya, ko shara ta toshe ƙofar gidansa, ina zai kai kuka? Birni zai ce ba ƙasarsa ba ce. Komin ɗin karkara kuwa kuɗin shigarta ba su kai na gina magudanar ruwa ba, ita abin da ta sani shi ne yanka filaye a sayar.

Sai wani ya ce, to a faɗaɗa iyakar birni mana, a huta. Mai faɗin haka bai san ƙasar nan ba. Tibiri ba ƙauye ba ce da za a shafe da alƙalami, gadon sarautar Gobir ce, kuma tsakanin Katsinawa da Gobirawa akwai zumunci da wasa, akwai kuma kishin ƙasa. Gonakin da ake magana a kansu na gado ne, da masu su. Duk wanda ya taɓa iyakar nan da ƙarfi, rigimar da zai tayar za ta fi wadda ya zo kashewa. Kuma ko an faɗaɗa yau, nan da shekara goma gari ya sake tsallakewa.

Abin da nake ganin zai yiwu ya fi wannan sauƙi, sai dai ba shi da armashin yanke kyalle a gaban kyamara. Birni da komin-komin da ke kewaye da shi su yi tsarin filaye guda ɗaya. Kada a yanka fili ko ɗaya a gefen gari sai an ware hanya, da wurin makaranta da asibiti da ƴar kasuwa, an kuma san inda ruwan damina zai bi ya gangara gulbi. Kuɗin da aka samu a raba bisa yarjejeniya rubutacciya. Idan kowace sabuwar unguwa tana da kasuwarta da wurin yin takardun haihuwa, nisan fada ba zai dami kowa ba.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomin da gwamnati ta naɗa ke riƙe da ƙananan hukumomi. Ra'ayi ya bambanta a kan hakan, amma abu ɗaya a fili yake: ba su da uzurin hamayyar jam'iyya, gwamna ɗaya zai iya tara su a ɗaki ɗaya. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Duk inda tasharsa ta tsaya, nan masu kuɗi za su ruga sayen fili, kuma nan sabuwar cibiyar ciniki za ta tsiro. Kafin jirgin farko ya iso ya kamata a ce an rubuta wanda zai yanka filayen kewayen tashar, da wanda zai karɓi harajinsu, da wanda zai kwashe shararsu.